Motar Sulke Mai Taya Shida

Duk wanda ya taɓa zama a ƙofar gidanmu a Kahu ya ji labarin motar sulken mahaifina, in ban da ni. Mai gyaran keke ya ji, fataken da ke zuwa awon dawa daga Rano sun ji, har wani baƙo da ruwan sama ya tsare a zaurenmu ya tafi da nasa rabon. Ni da na fito daga tsatsonsa kuwa sai dai in tsinta a bakin mutane. Ga shi na haura hamsin, furfura ta cika mini gemu, amma har gobe in na tuna abin sai raina ya ɓaci.

Kofur ake ce masa a garin, tun da ya dawo daga yaƙin basasa da igiya biyu da tabon ƙuna a hannun hagu, daga gwiwa har wuyan hannu. Direban motar sulke ne a lokacin. Da ya ajiye kaki ya koma gona, kuma ba mutum ne mai rowar magana ba. In an idar da la'asar zai shimfiɗa buzunsa a gindin darbejiyar ƙofar gida, mutane su kewaye shi, ya yi ta kwararo zance har da kwaikwayon kukan inji da baki.

Laifina guda ɗaya ne, ni ne ɗan fari. Mu asalinmu Fulani ne da suka jingine sanda suka ɗauki fartanya. Fulatanci ya gudu daga bakinmu, shanun sun ƙare, amma kunyar nan tana nan daram. Sannan aka ƙara mini da wani nauyin, aka raɗa mini sunan kakana, mahaifin Kofur. Yana bakin daga aka haife ni, ana yaye ni kakata ta ɗauke ni, a ɗakinta na girma. Don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, ban kuma taɓa zama mun yi hira irin ta uba da ɗa ba. In na gaishe shi sai ya dubi ƙasa ya ce, "An zo lafiya?" In yana da saƙo sai ya ce da wani, "A gaya wa mutumin nan kaza," alhali mutumin nan yana durƙushe a gabansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda labari ke mutuwa da zarar na yi sallama. Zan hango shi daga nesa yana murza sitiyari a iska, jama'a sun yi tsit, ina isowa sai ya sauke hannu ya dubi sama ya ce, "Anya hadarin nan zai zubar yau kuwa?" Ko da tsakiyar rani ne haka zai ce. Mutanen su harare ni a fakaice don na ɓata musu hira, ni kuma in tashi in shiga gida da kunyata.

Abin da na tsinta a waje kuwa bai haɗu ba. Wannan ya ce nakiya motar ta taka, wancan ya ce a bakin gada aka harbe ta, mai gyaran keke ya rantse mini cewa Kofur goya wani hafsa ya yi ya ratsa daji da shi. Kowa da gishirin da yake ƙarawa. Ni ga ni malamin tarihi a wata sakandare a Rano, ina tsayawa gaban yara ina karanta musu yaƙin nan daga littafi, wanda ya yi shi da hannunsa yana zaune a gidanmu. Ba wani abu nake nema ba illa ya dube ni ya ba ni labarin da bakinsa, ko sau ɗaya ne, kafin ƙasa ta rufe idon ɗayanmu.

Mai shiga tsakaninmu ita ce ƙanwata, autarmu, wadda ke aure a Lausu. Ita kam har tsokanarsa take yi, ta ce da shi tsohon soja ya zama sojan tabarma, ya yi dariya har da tari. In na ga haka sai in ji kamar ba gida ɗaya muka fito ba.

Wata rana na shiga birni wani sha'ani, hanya ta bi da ni ta ƙofar wani bariki. A gefen ƙofar, kan wani dakalin siminti, sai ga tsohuwar motar sulke an girke ta, an shafe ta da koren fenti, an zagaye ta da sarƙa. Irin kayan tarihin nan da sojoji ke ajiyewa don masu wucewa su gani. Nan take dabara ta zo mini: in na kai tsohon nan gaban wannan ƙarfe, ai dole bakinsa ya buɗe, ko ya manta da wanda ke tsaye a bayansa.

Na je Lausu na gaya wa auta, ta kai masa. Amsar da ta dawo da ita tambaya ce.

"Yaya, wai ya ce taya nawa gare ta, huɗu ko shida?"

"Ni na tsaya ƙirga taya ne? Ki ce masa motar sulke ce, koriya, da bindiga a kanta."

"Ka san halinsa. In ba ka faɗa ba, ba zai motsa ba."

Haka na sake ƙona mai na koma birni don ƙirga tayar mota, ni da girmana. Wurin ba a tsayawa, sai da na rage gudu na leƙa ta taga, na bayana suna ta danna mini oda. Uku ne ta ɓangaren da na gani. Da auta ta kai masa cewa shida ne, ta ce ya shafa tabon hannunsa, ya ce, "Irinta ce. A kai ni in gani, kafin ɗaya idon ya bi ɗan'uwansa." Lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa idon dama.

Sai kuma aka shiga jan ƙafa. Ya ce a bari a cire gyaɗa. Aka cire, ya ce a bari a yanke dawa. Aka yanke, ya ce ba ya barin gida ba a yaɓe rumbu ba. Ni kuwa kullum na zo sai in ga yana ƙara kusanto da abu fuskarsa kafin ya gane shi, hankalina ya ƙara tashi. Na ce da auta ta gaya masa idon ba zai jira rumbu ba. Ta ce, "Kai ka gaya masa mana." Na ce ta bar yi mini ba'a.

Da ya sa rana, na ɗauka da auta za mu tafi. Da sassafe na biya Lausu in ɗauke ta, na tarar da ita tana wanke-wanke, ko mayafi ba ta ɗauko ba.

"Ba zan je ba, Yaya," ta ce. "In na shiga motar nan da ni zai yi ta hira har mu je mu dawo, kai ka zama direba. Ku tafi ku biyu. In ya rasa wanda zai yi wa magana, ai dole ya yi maka."

Na ga gaskiyarta, har na sa mata albarka. Ashe ita ma ba ta gama sanin tsohon ba.

Na same shi a zaure ya shirya tsaf, farar riga da hula, ya ɗaura tsohuwar ɗamararsa ta soja a ciki, ana ganin tudunta ta riga. Ya leƙa motar da idonsa mai gani, ya ga ba auta. Na buɗe masa gaba, ya zagaya ya buɗe baya da kansa. Sai da na ce ƙofar bayan ba ta rufuwa da kyau, ƙarya nake yi, sannan ya dawo gaba ya zauna ya manne da ƙofa.

Daga Kahu zuwa Kibiya bai ce uffan ba. Daga Kibiya zuwa Rano na yi ta jefa ƙugiya. Na ce, "Baba, ita motar sulken nan tana da nauyin tuƙi kuwa?" Ya ce, "To, da dai sauƙi." Na ce, "Mutum nawa take ɗauka?" Ya ce, "Daidai gwargwado." Da muka wuce duwatsun Rano muka kama hanyar Bunkure, sai ya yi gyaran murya, na kasa kunne. Ya ce, "A rage gudu, akwai rami a gaba." Mutumin da ido ɗaya gare shi ya hango rami, amma bai hango ɗansa yana ta zuba kamar kanya ba. Na rage gudun ina tafasa a ciki.

Rana ta ɗaga sosai muka isa. Na gangara gefen titi daidai dakalin, ban gama taka birki ba wani soja ya taso da bindiga a rataye yana kaɗa hannu.

"Malam, ba a tsayawa a nan. Ja motarka."

Na fara bayani, ya ce ba ya son jin komai. Ina cikin roƙo sai na ji ƙarar ƙofa. Tsohon ya fita. Mutumin da kullum sai ya dafa bango yake miƙewa, ya tsaya ƙyam, ya haɗa duga-dugansa cikin takalmin roba, ya sara. Sojan ya rasa yadda zai yi, shi ma ya sara masa. Wani saje mai furfura a gefen kunne ya fito daga rumfar ƙofa, ya dubi tsohon, ya dubi tabon da ya leƙo daga hannun riga.

"Baba, an yi aikin ne?"

"An taɓa," in ji mahaifina. "Irin waccan na ja."

Sajen ya kama hannunsa da hannu biyu ya gaishe shi. Ya ce a bar Baba ya ga motarsa, har sarƙar ma zai ɗaga masa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Amma kai Malam, motarka ba za ta tsaya a nan ba ko na ƙiftawar ido. Doka ce. Ka wuce shataletalen can ka sami inda za ka ajiye, ka dawo da ƙafa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, don wannan tsayuwar na taso tun daga Kibiya. Ka bar ni in tsaya kusa da shi."

"In na bar ka, ni za a tuhuma. Yi sauri ka dawo, ba gudu za ta yi ba."

Na dubi mahaifina ko zai sa baki. Ya riga ya ba ni baya, ya tsallaka sarƙar, ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen.

Wanda ya san birni ya san abin da ake nufi da neman wurin ajiye mota a irin wannan titi. Na wuce shataletalen, ko'ina an kafa duwatsu don hana ajiye mota. Na shiga wani lungu, mai shago ya ce zan tare masa kasuwa. Na fito na faɗa cunkoso, wata babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya, masu adaidaita sun cusa kai ta ko'ina. Ina zaune ina dukan sitiyari, na san can bakin tsohon ya buɗe, kuma ba ni a wurin. Wallahi da ana barin mota a tsakiyar titi a tafi, da na bar ta. Da ƙyar wani mai wankin mota ya ba ni gefe, na kulle na kamo hanya, rabi tafiya rabi gudu, takalmina ɗaya har ya tsinke.

Tun daga nesa na hango su. Tsohon yana tsaye jikin tayar gaba, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen, ɗayan yana nuna murfin da direba ke shiga. Sajen ya cire hularsa ya riƙe. Na rage sauri, na raɓa ta bayan motar sulken ina sanɗa, ko zan tsinci wutsiyar zancen. Takalmin da ya tsinke ne ya tona ni. Tsohon ya ji jan sa a kan siminti, ya sauke hannu, ya ɗaga kai sama.

"Anya hadarin nan zai zubar yau kuwa?" ya ce da sajen.

Ko gajimare ɗaya babu a sararin. Na tsaya ina haki, gumi na shiga mini ido. Da ba mahaifina ba ne, da na faɗi maganar da zan yi nadama.

Tsohon ya ce yana son ya yi alwala. Sojan farko ya kama hannunsa ya kai shi wajen famfo a bayan rumfa. Sajen ya matso kusa da ni, ya daɗe yana kallona.

"Kai ne ɗan farin?"

Na ce ni ne.

"Mai sunan mahaifinsa?"

Na ce haka ne, ya aka yi ya sani.

Ya mayar da hularsa, ya ce, "Bai ce in gaya maka ba. Amma bai ce kada in gaya maka ba, kuma tun da ya fara yake leƙen hanyar da ka bi." Sai ya ba ni abin da ya ji. Wai suna bakin daga wani mutumin Rano ya dawo daga hutun gida, ya kawo masa albishir an haifa masa namiji, an sa masa sunan tsohonsa. A gaban abokan aiki bai nuna komai ba, ya ce Allah ya raya, ya ci gaba da goge bindiga, don kada a ce ɗan Fulani yana rawar kai a kan ɗan fari. Da aka watse sai ya shiga motar shi kaɗai, ya ja murfin ya rufe, ya tayar da inji ya taka shi har ƙasa, ya yi ta kiran sunan yaron da ƙarfi cikin ƙarar, yadda ba mai ji. Ya ce daga ranar, duk sanda ya rufe murfin nan sai ya kira. Ranar da motar ta kama da wuta kuwa, hannunsa na ci, bayan kalmar shahada sunan ne ya zo bakinsa, da shi ya tura murfin ya fito.

Na ce, "Ya faɗa maka sunan?"

"A'a. Mai sunan tsohona kawai yake cewa."

Ban san me na ce da sajen ba. Na dai san na dafa motar, ƙarfen ya ɗau zafin rana har yana ƙona tafi, ban ɗauke hannun ba. Duk labaran da na tsinta a Kahu babu wannan a ciki. Mai gyaran keke bai sani ba, auta ma ba ta sani ba. Sai da ya sami baƙon da ba zai sake gani ba, ya kuma tabbatar na yi nisa, sannan ya sauke shi. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har idona ya kawo ruwa. Amma haushin bai tafi ba, don ko wannan ɗin ma a bakin wani na ji.

Ya dawo da ruwan alwala a gemunsa, ya yi wa sojojin sallama, ya shafi motar sau ɗaya kamar mai sallamar doki. Muka taka har wajen mai wankin mota, ina gaba yana baya, ina jan takalmi. Wannan karon da kansa ya shiga gaba.

A hanya na gwada sau ɗaya. Na ce, "Baba, sajen nan ya ce..." Ya ce, "A kula da hanya." Na kula da hanya har muka wuce Bunkure, muka wuce Rano.

Da muka hau hanyar Kibiya, inda motoci suka yi ƙaranci, sai wani tunani ya zo mini, irin na wanda ya rasa dabara. Na ce a raina, mutumin nan ba ya iya faɗa sai an rufe murfi inji na kuka. To, bari in ba shi abin da ya saba. Na ɗaga gilasan motar duka na rufe ruf. Na mayar da ita giya ta biyu, na taka totur. Injin ya ɗauki kururuwa, motar na karkarwa, zafi ya cika ciki. Na kafe idona a kan titi don kada ya ji kunya, na bar kunnena na dama a buɗe. Muka wuce gonaki, muka wuce wasu mata masu ɗauke da itace suna waiwayenmu, ina ta addu'a a zuci.

Can na ji ya motsa, ya yi gyaran murya. Na ƙara kasa kunne.

"A sa giya," ya ce. "Za a kashe injin nan a banza."

Na sa giyar, na sauke gilas, iska ta shigo. Haka muka isa Kahu. A ƙofar gida ya sauka, mutanen gindin darbejiya suka taso suna tambayar yadda aka gano ta. Ya zauna a buzunsa, ya ɗaga hannu zai fara, sai ya tuna ina tsaye. Na gane, na ce a tashi lafiya, na koma mota.

Kafin damina ta zagayo ɗaya idon ya rufe. Yanzu ba ya ganin shigowata, amma ya san takuna, kuma labarin yana mutuwa tun ina bakin zaure. Ranar Juma'a nakan je in durƙusa in gaishe shi, ya ce, "An zo lafiya?" in ce lafiya lau. Sai in ɗan jima a durƙushe fiye da yadda gaisuwa ke bukata, ko Allah zai sa. Har yau dai bai kira ba.